Saunba, hom tiyata ko wufa: wanne ya dace da falonka a Bauchi?

Duk wanda ya sayi filasma a 'yan shekarun nan ya san matsalar, hoto tangaran ba laifi, amma sauti kam sai a hankali. Ka ƙure murya har 70, da fanka ta fara juyawa ko yara suka shigo da hayaniyarsu shikenan ka koma tambayar uwargida "me ya ce?" Kuma ba wai taka ce jabu ba, haka suke kusan dukkansu har da masu tsadar. Jikin ne ya sirance, babu inda za a cusa sifika mai ciki, 'yan ƙanana guda biyu ake maƙalawa, galibi wat 10 kowacce ko ma ƙasa da haka in inci 32 ce, kuma ƙasa suke kallo ko bango, ba kai ba. Tsohuwar talabijin ɗin nan mai ƙeya da muka taso da ita ta fi su murya nesa ba kusa ba, don ita tana da akwatin da sauti zai zaga a ciki kafin ya fito.

To daga nan ne mutum yake fara tunanin ƙara kayan sauti, kuma in ka shiga Wunti ko Central Market ko shagunan bakin titi abu uku za a nuna maka. Akwai wufa, akwati ɗaya babba da 'yan sifiku biyu ko uku ko ma biyar, mai fitilu kala-kala da wurin filash da memori da rediyo, irin su Djack da Homeflower da sauran 'yan Chana da sunansu ke canzawa duk shekara. Akwai hom tiyata na gaske mai sifika biyar da akwatin bes, irin na LG da Sony da Samsung, wasu da dogayen sifiku masu tsayuwa da ƙafarsu. Sai kuma saunba, doguwar sifikar nan guda ɗaya da ake kwantarwa a ƙarƙashin TV, sau da yawa da akwatin bes ɗinta a gefe wanda ba ya buƙatar waya tsakaninsu. Mai shago wanda ya fi girgiza ƙasa zai kunna maka, ba laifinsa ba ne, shi ne ke sayar da kansa. Ni dai ra'ayina in faɗa tun yanzu kada in ja ka da nisa: a mafi yawan falukanmu saunba mai kyau ta fi hom tiyata amfani, amma akwai gidan da wufa ce daidai da shi, akwai kuma 'yan tsirarun da hom tiyatan ne ya kamace su da gaske.

Ka fara duba me ake kallo a gidan naka, ba me kake burin kallo ba. Shirye-shirye masu dogon zango na Arewa24 da na YouTube, fassarar Indiya, labarai a NTA ko BATV, tafsiri in azumi ya zo, tashoshin wa'azi, katun ɗin yara da safe, sai ƙwallon Firimiya ranar Asabar da Lahadi. In ka lura duk wannan magana ce, mutum ne yake magana kai kuma kana so ka ji abin da ya ce. Akwatin bes aikinsa can ƙasa ne, daga wajen 100 Hz (ma'aunin kauri ko sirantar sauti) zuwa ƙasa, rugugin tsawa da fashewar bam da dukan ganga. Abin da ke sa ka bambance "sa" da "sha" da "tsa" a bakin mai magana kuma yana can sama, tsakanin 1,000 zuwa 4,000 Hz. Shi ya sa zaka ga mutum ya sayi wufa ƙatuwa, gilashin taga na rawa, amma har yanzu bai ji me malam ya ce ba, sai ma abin ya ƙaru don bes ɗin ya danne maganar.

Sannan lambobin nan da ake rubutawa a kwali, 2.1 da 3.1 da 5.1, ba ado ba ne. Lambar farko yawan hanyoyin sauti ne, ta biyun kuma akwatin bes. A 5.1 akwai hagu, dama, tsakiya, da biyu na baya, kowacce da abin da aka ware mata tun a wurin haɗa fim ɗin, magana a tsakiya, kiɗa hagu da dama, ƙarar ruwan sama ko motar da ta wuce a baya. Tsarin Dolby Digital da ya yaɗa wannan ya shiga sinima a 1992, daga baya faifan DVD ya kawo shi gidaje. Amma fa sai in abin da kake kallo an haɗa shi da hanyoyi shidan nan, biyar ɗin da ta bes, tun asali. Netflix da Prime Video suna da su, faifan Blu-ray da wasannin PlayStation suna da su, wasu tashoshin HD na DStv ma haka. Finafinanmu na Hausa kuwa, da kusan duk abin da ke YouTube, da wanda ake tura maka a waya ko filash a shagon masu turi wanda an riga an matse shi ya koma ɗan ƙarami, duk hanya biyu ce kawai, hagu da dama. In ka ba hom tiyata irin wannan, ko dai na bayan su yi shiru ka ɗauka sun lalace, ko kuma injin ya kwafi abin da ke gaba ya watsa musu.

Wufar nan mai sifika biyar ta 'yan Chana ita kam ma ba ta da hanyar karɓar 5.1 ɗin ko da ka kawo mata. Juya bayanta ka gani, mafi yawansu ramin ja da fari ne kawai sai bulutut. Miya ɗaya ce aka rarraba a kwano biyar aka ce maka kala biyar ce. Ba wai ba ta da amfani ba, zan zo kan amfaninta, amma kada ka biya kuɗin hom tiyata a kanta.

Yanzu mu ƙaddara kana da Netflix ɗin da komai, sai maganar falon kansa, kuma nan ne hom tiyata yake shan kashi a gidajenmu. An tsara shi ne don mai kallo ya zauna a tsakiya, TV a gabansa, sifiku biyu a gefe da ɗan baya kaɗan, wajen digiri 110 daga inda yake fuskanta. Mu kuma ya muke jera kujeru? Saiti guda, mai zaman mutum uku a jingine da bango, mai biyu a wancan bangon, ƙananan biyu a kusa da ƙofa, tsakiya kafet ne da tebur, yara a ƙasa. Babu "bayan" da za a sa sifika, sai dai a kan wanda ya zauna a ƙarshen kujera, shi kuma ba abin da zai ji sai shuuu a kunne ɗaya, wanda ke can ɗaya gefen bai ma san ana yi ba. Ga wayoyi, dole su tashi daga wurin TV su zagaya har bayan kujeru, ƙasa tayil ne ba a binnewa, in gidan haya ne mai gida ba zai yarda ka fasa masa bango ba, mai shara ta ja, yaro mai rarrafe ya ja, ɓera ya ƙarasa sauran. Ƙarshenta me ake yi, a kwaso duka biyar ɗin a jera su reras a gaban TV, biyu nan biyu can ɗaya a sama. Ka shiga ɗakunan amare ka gani in ƙarya nake. Da zarar an yi haka kuwa an riga an mayar da shi saunba, sai dai mai cin wuri da cin wuta da tara ƙura.

Abin da yake da daraja a cikin biyar ɗin nan ga irin kallonmu ita ce sifikar tsakiya, mai ɗauke da magana. Shi ya sa in aljihu zai iya, saunba mai 3.1 ta fi mai 2.1, domin tana da sifikar tsakiyar a cikinta, muryar ɗan wasa ko mai sharhin ƙwallo tana fitowa ita kaɗai daga saitin allon ba ta cakuɗe da kiɗa ba. Kusan duk na manyan kamfanonin suna da maɓalli a rimot na ƙara fito da murya, da wani na dare wanda ke rage tazarar da ke tsakanin raɗa da ƙarar harbi, kada ka ƙara murya don jin magana sai kuma talla ta shigo ta tashi jariri. Wannan maɓallin na dare ni a wurina ya fi duk wani Atmos, tsarin nan na sauti daga sama, da za a rubuta a kwali, musamman ga wanda ke gidan haya a irin su Yelwa ko Fadaman Mada inda bango ɗaya ya raba ka da maƙwabci. Bes ba ya jin bango, ratsawa yake, kai kana jin daɗi shi kuma yana can yana jin dum dum a ƙirjinsa ƙarfe sha ɗayan dare, gobe ku haɗu a masallaci yana amsa gaisuwarka da ƙyar.

Amma kada in yi ta yabonta kamar ba ta da aibi. Saunba mai arha sosai, wadda ba ta da akwatin bes kuma ba sananniyar kamfani ba, wallahi wani lokaci ba ta fi sifikar TV ɗin da komai ba sai ƙara, asarar kuɗi ce kawai. Sifikun cikinta ƙanana ne kuma suna kusa da juna, don haka in kiɗa ko ƙira'a kake so ka ji ta cika ɗaki, sifiku biyu masu akwati da aka raba hagu da dama sun fi ta daɗi. Ba ta fita tsakar gida, ranar suna ko walima ba abin da za ta tsinana maka. Akwatin bes ɗinta da ake cewa mara waya shi ma sai ka nema masa soket nasa, kuma wani lokaci in an ɗauke wuta an dawo da ita sai ya ƙi haɗuwa da uwar sai ka sake haɗa su da hannu. Babban abin kuma gyara, komai nata a kan allo ɗaya yake a ciki, in ya ƙone samun irinsa a nan sai an aika Kano ko Legas, alhali wufa duk mai gyaran rediyo a bakin kasuwa zai buɗe ta ya canza abin da ya mutu ka dawo gida da ita a ranar.

Shi kuma Atmos ɗin, tsari ne da Dolby ta fito da shi a 2012, yana ƙara sauti daga sama. A saunba mai shi na gaske, irin mai 5.1.2, akwai sifiku biyu da ke kallon silin, su harba sauti ya bugi silin ya dawo kanka. Wannan yana son silin shafaffe mara tsayi sosai. Namu na POP mai hawa-hawa da ramukan fitilu ga fanka a tsakiya tana juyawa, sautin watsewa yake. Ƙaramar saunba mai 2.1 da aka rubuta mata Atmos kuwa kwaikwayo take da dabarar kwamfuta, ba laifi, amma ba abin da zaka ƙara kuɗi mai yawa saboda shi ba ne.

Kafin ma ka fita kasuwa ka leƙa bayan TV ɗinka da tocilan waya. Abin da kake nema ramin HDMI da aka rubuta ARC ko eARC a gefensa. ARC ya zo da HDMI 1.4 a 2009, eARC kuma da 2.1 a 2017, aikinsu su mayar da sautin duk abin da ke kan TV, dikoda ne ko YouTube ko filash, zuwa kayan sautin ta waya ɗaya tak. Daɗin abin shi ne rimot ɗin TV ɗin shi zai dinga ƙara murya da ragewa, ka kunna TV saunba ta tashi, ka kashe ta mutu, ba sai Hajiya ta kira ka a waya tana tambaya wanne rimot ne na magana ba. Sai dai ka kunna abin a saitin, LG suna kiransa Simplink, Samsung Anynet+, Sony kuma Bravia Sync. In babu ARC sai ka duba ramin optikal, ɗan murabba'i mai jan haske a ciki, shi ma yana ɗaukar 5.1 na Dolby Digital amma ba ya ɗaukar Atmos kuma galibi sai ka riƙe rimot biyu. In shi ma babu, kamar yadda wasu ƙananan TV masu arha suke, to ramin iyafis ne ko ja da fari, kuma a nan gaskiya saunba mai tsada ɓarna ce, wufa mai kyau ta ishe ka. Wani abu da ke rikita mutane, an haɗa komai daidai amma shiru ko wani ƙara tsss, yawanci ka shiga saitin sauti na TV ka mayar da shi PCM ne kawai magana ta fito.

Bulutut kuma a bar shi wa waya. Don jin karatu ko waƙa daga waya ba shi da matsala, amma in ka haɗa TV da shi akwai ɗan jinkiri, bakin mutum ya motsa sannan magana ta biyo, a ƙwallo ka ga raga ta motsa kafin ka ji bugun. Wasu ba ya damunsu, ni kam ba na iya jurewa.

Sai maganar wat, inda aka fi yi wa mutane wayo. Zaka ga ɗan akwati an rubuta masa 5000W ko 8000W da manyan baƙaƙe, a ƙasa da ƙananan haruffa PMPO. Wannan ba ma'auni ba ne da wani ya tsaya a kai, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wanda ake ɗan dogara da shi RMS ne, shi ma a kan ƙara masa gishiri. Hanya mafi sauƙi ka juya bayan kayan ka karanta takardar da ke liƙe kusa da wayar wuta, inda aka rubuta abin da yake ja. In yana jan wat 60 daga soket ta ina zai ba ka 5,000? A falo mai matsakaicin girma wat 30 zuwa 50 na gaskiya ya isa ya sa a fara ce maka ka rage.

Wannan takardar ta baya kuma ita ce za ta gaya maka ko zaka iya riƙe kayan, don sayen abu daban ciyar da shi wuta daban. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kunna jen don kallo kawai ya zama sai wane da wane, a Afrilun 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan Band A naira 225 kowane yunit, shi ya sa gidaje da yawa a Bauchi da Gombe suka koma sola da inbata, kuma mai inbata lissafi yake da kowane wat. Mu ɗauki batir ɗaya mai 12V 200Ah, a takarda 2,400Wh ke nan, amma in na ruwa ne ko irinsa rabi ake so ka ci don ya daɗe, ka cire abin da inbata ke ci, abin da ya rage maka wajen 1,000. TV inci 43 ka ce wat 70, dikoda 15, fankar sama 70, saunba 30, jimla 185, ka samu awa biyar da ɗoriya. Cire saunbar ka sa babban ampilifaya mai jan 120, jimla ta koma 275, ba ka kai awa huɗu ba. A watan Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, wannan kusan awa biyun ta fanka ce aka ci, kuma ka san da wa za a yi rigimar a gidan.

Akwai kuma irin wutar. Saunba da sababbin TV yawanci an rubuta musu 100 zuwa 240V, in wuta ta zo ƙasa-ƙasa suna jurewa. Wufa mai tiransifoma a ciki kuwa da wuta ta yi ƙasa sai ta fara gurnani, haka in inbatarka irin mai arhar nan ce da wutarta ba ta fita sumul, zaka dinga jin zzzz a ƙarƙashin magana. Ko wanne ka saya dai ka haɗa da abin kariyar nan da ake sawa a soket, mai jinkirta wuta in an dawo da ita, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da damina kuma in hadari ya haɗu ka zare wayar dish daga dikoda, tsawa ta nan take shigowa ta bi HDMI ta kashe dikoda da TV da kayan sauti a lokaci ɗaya, kashe soket kaɗai ba ya hanawa.

A nan ne wufa take da bakin magana. Da yawansu suna da wurin 12V, ka jona da batir kai tsaye ko ƙaramar sola ba sai da inbata ba, ga rediyo ga filash, ba ruwanta da TV, uwargida tana aiki a tsakar gida ta sa karatu ko ta kama tasha, ranar biki a fito da ita. Ga wanda ke unguwar da wuta sai an ga dama, ko ɗalibi a ATBU ko Federal Poly mai ɗaki ɗaya, ko mai shago, ita ce daidai, ko ma sifikar nan mai caji irin na JBL da Oraimo da Zealot. In zaka saye ta ka ɗauki mai sifika biyu masu ɗan nauyi a kan mai biyar marasa nauyi, ka ɗaga akwatin ka ji, na katako mai nauyi ya fi na roba, kuma ka tabbata tana da maɓallin rage bes daban.

To wa ya kamata ya sayi hom tiyata na gaske? Wanda yake gidansa na kansa, yana da falo na biyu ko ɗakin da zai jera kujera tana fuskantar TV da fili a bayanta, yana kallon finafinan waje a Netflix ko yana buga PlayStation, kuma wutarsa ta tsaya da ƙafarta. In kana gini yanzu ma ka sa mai wayarin ya binne maka fayif na wayoyin sifika kafin a yi filasta, ko ba yanzu zaka saya ba. Irin wannan mutumin in ya ji 5.1 da aka jera daidai, babu saunbar da za ta burge shi kuma, wannan gaskiya ne. Shawarata gare shi ya tsallake irin na kwali ɗaya mai faifan DVD, wa yake sa faifai yanzu, kuma sifikunsu galibi ba sa shiga wani injin in uwar ta mutu. Gara ya nemi risiba daban, wato injin da ake jona sifikun a jikinsa, irin Yamaha ko Denon ko Onkyo, ya fara da sifiku biyu masu kyau, in kuɗi ya samu ya ƙara ta tsakiya, sannan bes, sannan na baya. Ana samun na hannu daga kasuwar Alaba ta Legas masu lafiya, amma a kula, wanda ya fito daga Amurka 120V ne, wutarmu 230V, ka jona shi kai tsaye hayaƙi zaka gani, sai da abin rage wuta. Na Ingila da sauran Turai su ne daidai da mu. Tsofaffi sosai kuma ba su da HDMI balle ARC. Risiba tana zafi, tana son iska ta sama, kada a kulle ta a cikin durowar gilas ko a lulluɓe ta da leshin kwalliya tana aiki, rufar ta bari sai an kashe, lokacin hunturu kam dole a rufe saboda ƙura.

Ga angon da ke haɗa kayan kallo kuma, da Hajiyar da ke son ɗakin 'yarta ya fita kunya, na san hom tiyata mai dogayen sifiku ya fi cika ido ranar da 'yan ganin ɗaki suka zo, saunba kuwa wasu ma ba za su lura da ita ba. Amma 'yan ganin ɗaki kwana ɗaya za su yi. In kuɗin a ƙididdige yake, ni gara a sauko daga inci 55 mara suna zuwa inci 43 na LG ko Hisense ko Samsung ko TCL, rarar a sa a saunba. 4K ɗin da ake kwaɗayi a babbar ma yawancin abin da ke zuwa ta dikoda bai kai shi ba, in kuma ta intanet ne Netflix da kansu sun ce yana iya cin har 7GB a awa ɗaya, HD kuma har 3GB, kai ka san nawa kake sayen data. In TV da saunbar kamfani ɗaya ne sun fi saurin fahimtar juna, amma ba dole ba ne, ARC na kowa ne.

Ranar sayen kada ka bari a gwada maka da waƙar shagon. Tafi da filash ɗinka mai tafsiri ko labarai ko wani shiri da ka saba ji, ka ce a haɗa da TV ta HDMI yadda zaka yi a gida, a rage murya ƙasa sosai, ka ja baya kamar taku biyar ka ji ko kana gane kowace kalma duk da hayaniyar kasuwa. Kowane kaya yana da daɗi in an ƙure shi, a ƙasa ake gane mai kyau. Daga nan a ƙure ɗin ka ji ko akwatin yana kakkarwa. Ka duba lambar samfurin da ke jikin kayan ta yi daidai da ta kwali, ka buga ta a Google a wayarka nan take, in ba ta fito a shafin kamfanin ba to sitika ce aka manna. Kayan LG da Hisense na Najeriya ta hannun kamfanin Fouani suke shigowa kuma suna zuwa da katin garanti, ka karɓe shi tare da rasit mai kwanan wata da lambar kayan. Farashi yana bin dala, don haka ka taka shago biyu-uku kafin ka ciro kuɗi, kuma ka tambaya ko akwai wayar HDMI a cikin kwalin, da yawa ba sa zuwa da ita, in babu ka sa a haɗa maka a cikin cinikin tun kafin ka biya.